Tafiyar Saidali Babu Kwali

Gara in faɗa tun da wuri: duk daɗewar da na yi a Sharjah, ban iya ɗaure kwali ba. In na ɗaure, kafin a kai shi bakin mota igiyar ta zame ta koma gefe guda, gindin ya buɗe baki. Irina suna da yawa a cikin mutanen Kerala da ke neman abinci a garin, shi ya sa Saidali ya yi suna.

Saidali mai shayi ne a wani ɗan shago a unguwar Rolla. Shekara ashirin da bakwai yana tsaye a kan tukunya ɗaya, Larabawa na tsayawa da mota a bakin titi su danna hon, a miƙa musu shayi ta taga. Amma a wajen 'yan ƙasarsa ba da shayi aka san shi ba, da kwali aka san shi. Duk wanda hutunsa ya zo, ya gama zagaye kasuwa ya tara tsarabar gida a kan gado, abu na ƙarshe shi ne ya aika a ce Saidalikka, wato Ikka Saidali, Yaya Saidali ke nan, ya daure ya leƙo. Zai zo da igiyar roba ruwan ɗorawa a kafaɗa, ya tsaya ya dubi kayan kamar likita a kan majinyaci, sannan ya naɗe zanensa zuwa gwiwa ya tsuguna. Mai nauyi a ƙasa. Kwalbar turare a cikin bargo. Tocila da agogo a cikin tawul. Sabulu can a kusurwa, nesa da madarar gari da ganyen shayi, don in suka yi tafiya jiki da jiki, mutanen gida sai su yi wata shida suna shan shayi mai ɗanɗanon wanka. Sai ya rufe, ya zagaye kwalin da igiya gida-gida kamar ragar kamun kifi, ya bar maɗauki a sama. Daga nan ya hau sikelin banɗaki shi kaɗai, ya sauko, ya sake hawa rungume da kwalin, ya faɗi nauyin. Ba a taɓa tsayar da mutum a filin jirgi a ce ya rage kaya ba bayan Saidali ya yi magana. Ladansa kofin shayi, shi ma yakan kurɓa ya ce bai dahu ba.

Da ya cika sittin, ubangidansa, Balaraben da ya gaji shagon daga mahaifinsa, ya ja shi gefe ya dafa masa kafaɗa. Ya ce Saidali kamar uba yake a wurinsa, kuma ba za a sabunta masa takardar zama ba. Saidali ya yi godiya a kan maganar farko. Tafiya ce ta gaba ɗaya, nan da wata biyu.

Su shida ne a ɗakinsu, gadaje uku masu hawa biyu, da na'urar sanyaya ɗaki mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ranar Juma'a kaɗai suke cin abinci tare, bayan an sauko daga masallaci: a shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, a juye shinkafa da miyar kifi. A nan Varkey ya ɗauko maganar. Varkey Kirista ne, direban motar 'yan makaranta, kusan sa'an Saidali. Kowa Achayan yake ce masa don girmamawa, shi kuma ya ɗauki girman da gaske, yana ganin ko ƙusa ba a bugawa a ɗakin sai da saninsa. Ya ce tafiyar ƙarshe ba a yin ta da wasa, ya tambayi ranar da za a fara shiga kasuwa.

Saidali ya zare ƙayar kifi daga bakinsa, ya ajiye a gefen jarida.

"Ba kwali," ya ce.

Suka zaci yana nufin kwali mai kyau ya yi wuya a gari. Sukumaran, mai gyaran wuta, wanda ke kwana a gadon da ke saman na Saidali, ya ce akwai wani kwalin injin wanki a wurin aikinsu, sabo fil, gobe zai ɗauko.

"Ban ce babu ba, Suku. Cewa na yi ba na ɗauka. Da jaka ɗaya na shigo garin nan, da ita zan fita. Ko tsinken sakace ba zan kai wa kowa ba."

Varkey ya tambaya ko Balaraben ya hana shi haƙƙin sallama ne. A'a. Ko sun yi faɗa da matarsa? A'a. Ya rage murya ya tambaya ko likita ya faɗa masa wani abu. Saidali ya ce lafiyarsa ƙalau, gwiwa ce kawai, ita ma ba da ita ake sayen bargo ba.

Abin da ya faru a hutunsa na baya ne, bai taɓa ba kowa labarin ba sai ranar. Jirgi ya sauke shi ya baro kwalinsa a baya. Ya isa gida a Tirur da yamma, matarsa Subaida ta dafa masa rogo da kifi, jikarsa ta leƙo ta gan shi ta gudu. Washegari ya yi wanka, ya ɗaura sabon zane, ya zauna a barandar gidan da ya gina bai taɓa yin wata uku a jere a cikinsa ba, yana jiran masu sannu da zuwa. Ranar farko mai kawo madara ya zo. Rana ta biyu akuyar maƙwabta ta shigo, ta ci furen Subaida ta fita. A rana ta uku motar filin jirgi ta kawo kwalin, kafin direban ya gama juyawa yayan Subaida, Hamsakoya, ya iso a babur da matarsa a baya. Kafin la'asar takalma sun cika ƙofa har ƙasan matakala. Hamsakoya ya rungume shi, haɓarsa a kafaɗar Saidali, idonsa a kan igiya, ya ce, "Suruki, yaushe a gari?"

"To wannan karon ni ne kwalin," in ji Saidali. "Mai so ya zo ya kwance."

Suku ya yi dariya, da ya ga shi kaɗai ke yi sai ya mayar da ita tari. Varkey ya ce masu komawa gida daga ƙasar Larabawa hannu biyu, ba kaya, iri biyu ne, wanda hukuma ta koro da wanda aka mayar a akwatin gawa, shi ma na akwatin ana haɗa masa 'yar jaka. Kuma kunyar ba tasa ba ce shi kaɗai. Za a ce ƙatti biyar suna zaune ɗan'uwansu ya sulale kamar ɓarawo. Suku ya ce garinsu da Tirur mota ɗaya ce, kafin sati uwarsa ta ji, kuma shi za ta kira. Saidali ya ce ya gaida ta. Ya naɗe gefen jaridarsa da ƙayoyin a ciki ya tashi.

Da yamma ya hau saman bene, inda ake shanya, ya kira Subaida. Ta fara da abin da ta saba: 'yarsu Jasila na son tukunyar lantarki, matar Hamsakoya ta ce bargon wancan zuwan ya fara gashi, liman ya ambaci tocila sau biyu. Ya bar ta ta kai ƙarshe, sannan ya faɗa mata.

"Baban Shihab, rana ce ta buge ka?"

"Ba rana ba ce."

"Ni ba ruwana da bargo, zafin garin nan ko mayafi ba na rufa da shi. Amma yayana fa? Kai za ka tsaya ka yi masa bayani, ni zan shige kicin in sa sakata."

"Ba sai na yi bayani ba. Ba zai zo ba."

Can ta ce, "In kuma ba wanda ya zo fa?"

"Sai in san ba wanda ya zo."

Ta ce ya rage shan shayi mai kauri, ta ajiye.

Da ya yanke shawarar, sai wani irin nishaɗi ya shige shi. Ya shiga kantin da ya fi shekara ashirin yana sayen tsaraba a ciki, ya sa aka auna masa rabin kilo na badam, ƙwayar nan da ba a rufe kwali sai da ita, wadda shi bai taɓa sa ko ɗaya a baki ba saboda tsada. Ya dawo ya zauna a gado ya buɗe ledar a gaban kowa. Ya tauna, ya sake taunawa, ya ce ashe gyaɗa ce da ba gishiri, ashe wannan yake ɗauka a ka yana ƙetare teku da ita. Duk da haka sai da ya cinye. Ya sayi turare mai tsada irin wanda yake kai wa Hamsakoya, ya riƙa fesawa kafin ya tafi tsayuwar tukunya, har abokin aikinsa ya tambaye shi ko aure zai ƙara. Ubangidansa ya ba shi kyautar sallama, agogon bango da kwandon dabino, ya ce a kai wa iyali. Saidali ya buga ƙusa ya rataye agogon a ɗaki ba tare da ya nemi izinin Varkey ba, dabinon kuma ya ajiye a ƙofar masallaci.

Labari ya bazu a Rolla. Wasu suka ce ya yi asara a wani kasuwanci, wasu suka ce ya shiga wata ɗariƙa. Masu tafiya hutu ba su fasa kiransa ba, shi ma bai fasa zuwa ba. Ya ce na kowa zai ɗaure, ban da nasa.

Saura mako biyu, ranar Juma'a, ya dawo daga masallaci ya tarar an ture gadaje, kwalin injin wanki na tsaye a tsakar ɗaki, tsaraba jibge a gefensa. Mutanen ɗaki ne suka haɗa hannu suka sayo: barguna, madara, sabulu, turare, tocila, tukunyar lantarki, har da 'yar tsana mai rufe ido. A jikin kwalin an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Igiyarsa ruwan ɗorawa tana ajiye a kai.

Ya cire rigarsa ya rataye, ya kwanta a gadonsa ya juya wa ɗaki baya.

Suku ya fara zuba kaya, yana yi da ƙarfi yadda bango ma zai ji. Kwalbar turare ya fara sawa a can ƙasa, ya jefa tukunyar a kanta. Saidali ya ji ƙarar har cikin haƙoransa.

"Achaya, sabulun nan a kan madara zan sa ko a ƙarƙashinta?"

"Sa shi a tsakiya, su saba da juna."

"Ganyen shayin fa?"

"Buɗe bakin ledar ya sha iska."

Yatsun ƙafar Saidali suka lanƙwashe. Ya ja numfashi ya fara karanta abin da ya sauwaƙa a zuci, amma kunnensa na kan kwali. Ya ji sun tura bargo daga sama maimakon su zagaye gefe da shi. Ya ji sun rufe, murfin ya ƙi haɗuwa, Suku ya hau ya zauna, wani abu ya yi ƙara a ciki. Sai aka zo kan igiya. Ko bai gani ba ya san abin da ake yi mata: zagaye biyu a tsaye, ɗaya a kwance, da ƙulli irin na igiyar wando. Varkey ya ce ya yi kyau, ko ya fashe ma ai a cikin jirgi zai fashe, kayan ba za su faɗa teku ba.

Saidali ya tashi zaune. Suku ya ja da baya ya ba shi wuri, yana danne murmushi. Saidali ya miƙe, ya zo ya tsaya a kan kwalin. Ya dube shi. A rayuwarsa bai taɓa ganin abin tausayi irin wannan ba: ciki ya kumburo ta gefe, kusurwa ɗaya ta lotse, bakin igiya na reto. Hannunsa na dama ya fara tafiya da kansa, sai ya kama shi ya tura a ƙarƙashin hammata.

"Ba zai kai bakin lif ba," ya ce.

Ya zagaye shi, ya ɗauki rigarsa ya fita.

A ƙasa Varkey ya same shi. Motar 'yan makarantar na ajiye a inuwar bene, ya buɗe suka shiga, suka zauna a kujerun yara gwiwoyinsu na dukan kujerar gaba. Varkey ya tsinci wata 'yar kwalbar ruwa da wani yaro ya manta, yana juya ta a hannu. Da ya buɗe baki, babu wasan ɗazu a muryarsa.

"Ni ma saura kaɗan a dafa mini kafaɗa. Suku 'ya'yansa uku, ba wadda ya ga ranar haihuwarta. In ka je hannu biyu ka zauna a barandar nan ba wanda ya zo, kana tsammani kai kaɗai aka ba amsa? Mu ba mu yi tambaya ba, Saidali. Kada ka yi mana ita."

Maganar ta shige shi. Ya dubi titi ta gilashi, zafi na tashi daga kwalta, wani ɗan Pakistan na tsallakawa da katifa a ka. Ya tuna kwalayen da ya ɗaure wa Varkey, da yadda mutumin ke dawowa daga hutu kullum da fara'a, ba ya taɓa faɗin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ya kusa cewa to. Kalmar ta zo har bakinsa.

"Achaya," ya ce, "shekara ashirin da bakwai ina miƙa shayi ta taga ga mutanen da ko a hanya suka gan ni ba za su gane ni ba. Su na yafe musu, ba garina ba ne, ba su ce suna sona ba. Amma ba zan koma garina in ci gaba da miƙa abu ta taga ba."

Varkey ya ce taurin kansa ya fi na tukunyar shayinsa. Saidali ya ce ya sani, tare suka tsufa.

Ranar Lahadi da ya dawo aiki kwalin ba ya nan, an mayar da gadaje wurinsu. Suku ya ce sun mayar wa masu kanti kayansu, an sha musu ƙamshi, kuma don Allah Ikka kada ya yi masa magana har sai ya huce. Bai huce ba sai ana gobe tafiya, da ya sauko daga gadonsa ya goge wa Saidali rigar da zai sa.

Su biyu suka raka shi filin jirgi. Layin masu tafiya Kerala kamar kullum, ba ka ganin mutum sai kwali: kowa na tura keke an jibga masa kaya har sun rufe fuskarsa, yana leƙe ta gefe. A cikin wannan layi Saidali ya tsaya da 'yar baƙar jaka a kafaɗa, da turare a jiki, hannuwansa biyu a baya kamar mai duba gona. Mutane na kallonsa suna kallon bayansa, suna jiran su ga mai turo kayan. Ma'aikaciyar da ke karɓar kaya ta ce ya ɗora. Ya ce babu. Ta maimaita a hankali, da hannu, ko bai ji ba. Ya ce ya ji, babu.

Nan take mutumin da ke bayansa, wanda nasa kayan suka yi yawa tun daga nesa, ya matso ya kira shi Ikka da murya mai zaƙi, ya ce tun da nauyinsa na nan a banza, ko zai taimaka a rubuta kwali ɗaya da sunansa. Abu ne da ake yi, ba a cika ƙi ba.

"Yi haƙuri, ƙanena. Kilo talatin ɗin nan nawa ne, na bar wa jirgi ya huta."

A bakin ƙofar shiga Suku ya rungume shi ya yi ta jan hanci. Varkey ya miƙa masa hannu kawai, ya ce in ya isa ya kira, ko me ya tarar. Saidali ya ce zai kira.

Jarumtar ta raka shi har cikin jirgi, ta zauna da shi har aka ba da abinci. Da aka fara sauka, ya hango itatuwan kwakwa da jar ƙasa da rufin gidaje jiƙe da ruwan sama, sai ta fara zamewa. A wurin ɗaukar kaya bai tsaya ba, ya wuce mutane suna cunkuso a bakin bel ɗin da ke fito da kaya, shi ne na farko da ya fito. Ɗansa Shihab na jira da wata ƙaramar mota, ba irin mai ƙarfe a sama da suka saba ɗaukowa ba. Ya karɓi jakar, ya jinjina ta da yatsa biyu, ya tambayi gwiwa.

A hanya Saidali ya riƙa shirya zuciyarsa. Ya ce wa kansa Subaida na nan, rogo na nan, ya isa. Mai madara zai zo da safe. In akuyar na raye, ita ma za ta leƙo. Mutumin da ya yi shekara ashirin da bakwai a tsaye ba zai mutu don ya zauna shi kaɗai a baranda ba. Ya tsara abin da zai faɗa wa Varkey, ya zaɓi muryar da zai faɗa da ita, ta wanda dama abin da ya yi tsammani ke nan. Da suka bar babban titi suka shiga layinsu, ya ga ya riƙe hannun ƙofa da ƙarfi, ya saki.

Babura ya fara gani, jere a jikin katanga. Sannan takalma, daga bakin ƙofa har ƙasan matakala, na maza da na mata da ƙanana masu fitila. Ƙamshin shinkafa da nama ya tare shi tun daga waje. Hamsakoya ne a gaba, ya buɗe masa ƙofar mota da kansa, ya rungume shi. Saidali ya ɗan ja baya don ya ga inda idon yake. A kan fuskarsa yake. Ko bayan motar bai kalla ba.

Liman ya zo. Jasila ta zo da mijinta. 'Yan'uwan da rabonsa da su tun bikin Shihab sun zo, har da wata gwaggo da aka ɗauko a kujera. Jikarsa ta tsaya daga nesa tana nazarinsa, can ta tako ta hau cinyarsa ta kama gemunsa. Aka yi ta tambayar gwiwa, da jirgi, da ko gaskiya ne zafin can na narka takalmi. Saidali na amsawa yana jira. Ya san mutanensa, wani zai kasa haƙuri. Ba wanda ya kasa. Da abin ya ishe shi, ya gyara murya ya faɗa yadda har na kicin za su ji:

"Ban zo da komai ba fa. Ga jakar can, riga biyu ce da maganin gwiwa."

"Haba suruki," in ji Hamsakoya, "kai muka zo gani. Kaya ai ƙarewa suke yi."

Aka ce gaskiya ne, gaskiya ne. Subaida ta leƙo daga ƙofar kicin da ludayi a hannu, suka haɗa ido, ta koma. Saidali ya share ido, ya ce yajin miyar ne, alhali ba a zuba ba tukuna.

Bayan an ci an sha, ya zame ya koma bayan gida wajen rijiya, ya kira Sharjah. Varkey ya ɗauka tun kafin ta gama ƙara ɗaya.

"Achaya, kada ka ce komai. Saurara."

Ya ɗaga wayar sama ya juya ta wajen gida, inda hayaniyar mutane da kukan yara da ƙarar kwanuka ke tashi. Ya bar ta ta daɗe, sannan ya mayar kunne.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Hannu biyu. Ko tsinke. Ka faɗa wa Suku, ka faɗa wa duk Rolla. In lokacinku ya yi ku jefar da igiya, ku taho haka nan. Mu muka raina kanmu tun farko."

Varkey ya yi tari, ya ce to, ya ci nasara, ya je ya huta. Ya ce Suku na gaishe shi, ba zai iya karɓar waya ba, wani abu ya shiga masa ido.

Saidali ya koma baranda ya zauna a kujerarsa, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya ce a ƙaro masa shinkafa. Ya dubi taron nan ɗaya bayan ɗaya, ya ji har ya yafe wa Hamsakoya wancan zuwan.

Ashe kwalin injin wankin nan ya riga shi isowa da kwana uku, ta hannun kamfanin kai kaya, da sunansa a jiki da rubutun Varkey. Subaida ta raba kayan ranar Laraba, ta ce kowa ya dawo Asabar, kuma duk wanda ya ambaci kwali ya dawo da abin da aka ba shi.